Mai Hannu Takwas a Madafar Arlit

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Littafin da nake rubutu a ciki ya yi shekara biyu a ƙarƙashin katifa, har gefensa ya naɗe. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi wani abu game da dabbar da ban taɓa gani da rai ba, wanda ya sani ya karanta ya ce tsohon nan ya zuga. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar matasan da ke zama a rumfar mai shayi ta ƙofar gidana. Ɗayansu ya ce in bai samu tuƙi a kamfani ba zai shiga aikin kuku, ai shi ba ya son koyo, ruwa ne da wuta da gishiri.  Ga amsata.

Sunana Salifu, ɗan mahauta ne ni daga wajen Madawa. Na hau Arlit ina neman aikin rami, likita ya auna ƙirjina ya ce bai yi ba. Sai na samu shiga madafar ɗakin cin abinci na manyan ma'aikatan wani kamfanin haƙar uraniyum. Shekara biyu ina wankin tukwane. Shugaban madafar shi ne Baba Kojo, mutumin bakin teku daga Togo, gajere mai faɗin kafaɗa. Hausarsa ta kasuwa ce, kome namiji ne a bakinsa, har matarsa.

Aikin farko da ya ba ni da wuƙa a hannu, wata Litinin ce da safe. Ya ji cewa gidan mahauta na fito, sai ya jawo wani katon, wato kwalin kaya, da ya kwana yana narkewa a na'urar sanyi, firigo, ya ce in gyara abin da ke ciki, shi zai je sito. Na buɗe. Na ga wani abu kamar tumbi, igiyoyi takwas suna fita daga jikinsa, kowace igiya ɗauke da ƙuraje layi biyu tun daga gindi har tsini. A gidanmu doka ɗaya ce: naman da ka ga ƙurji ko ƙullutu a jikinsa, ka yanke wurin ka jefar, in ya yi yawa ka binne dabbar. Mahaifina ya taɓa binne rabin bijimi a kan haka. Na tsaya ina shawara ko in kira Baba Kojo. Sai na ce a raina, yau ne zan nuna masa an koya mini aiki. Na wasa wuƙa, na zauna na kankare ƙurajen nan ɗaya bayan ɗaya. Dabba biyar ne a katon. Kafin hantsi ya yi nisa na gama huɗu, sumul kamar hanjin da aka wanke.

Baba Kojo ya dawo. Ya ɗaga igiya ɗaya da yatsa biyu, ya juya ta, ya ajiye.

"Ɗan mahauta, wa ya yi ma wannan aski?"

"Ciwo ne da su, Baba. Duka. Na cire."

"Ciwo." Ya leƙa ƙofa ya kira Sidi, Ba'abzinen da ke riƙe da sito. "Sidi, zo ka gani. Likita ya zo madafa. Ya warkar da kifi daga hannunsa."

Sidi ya duba, ya gyara rawani a bakinsa, ya ce, "Ni dai na ga ya fi kyau haka."

"Kai kana ganin kome ya fi kyau in ba a ci."

Bai yi mini tsawa ba. Ya ɗauko ta biyar, wadda wuƙata ba ta kai ba, ya shimfiɗa ta a kan katako, ya ce in miƙo hannu. Ya danna ɗaya daga cikin abin da na kira ƙurji a bayan hannuna. Abin ya kama fata, ko da yake dabbar ta daɗe da mutuwa, kamar yadda ƙahon wanzami yake kamawa. Ya ce waɗannan ƙoƙuna ne, ba ciwo ba. Igiyoyin kuma hannuwa ne. Nasara suna kiran dabbar pulpu, mu a madafa muna cewa mai hannu takwas. Ya ce da hannuwan nan take tafiya a ƙasan teku, da su take manne wa dutse, da su take jawo ƙaguwa daga rami ta kai baki. Ya buɗe tsakiyar hannuwan ya nuna mini bakin, baƙi mai tauri kamar na aku.

"Kuma da ƙoƙon nan yake ɗanɗano," in ji shi. "Kafin abinci ya kai baki, hannu ya riga ya san ko yana da kyau."

Ban yarda ba, amma ban yi musu ba. Abin da na yarda da shi nan take shi ne na ɓata abincin mutane, don ƙoƙunan nan su masu ci suka fi so: su ne ke riƙe miya, su ne ke yin ƙayau a wuta. Huɗun da na aske an niƙe su an yi romo. Ni kuma na koma tukwane wata uku.

Kayan aikin wannan dabba ba su da yawa, amma ba a aron su. Wuƙa biyu, ƙarama ta cire ido da baki, doguwa ta raba hannuwa. Katako nata daban, wanda nama bai taɓa hawa ba. Tukunya mai faɗi, don in ta yi matsi hannuwa suna karyewa. Sai tsinken tsire na ƙarfe, wanda na zo da shi daga gidanmu. Ana juya kan kamar aljihu a fidda kayan ciki, a yi hankali da jakar tawada, don in ta fashe sai a wanke katako sau uku. Ana riƙe kan a tsoma hannuwa cikin tafasasshen ruwa a cire, sau uku, har tsininsu ya naɗe. Sannan a sake ta cikin tukunya a rage wuta. Ruwan kada ya yi tsalle, ya dinga motsi kawai. Ba a sa gishiri ko ƙwaya ɗaya, Baba Kojo ya ce ta zo da nata daga gida. Ba a sa kanwa. Wannan ma na gwada sau ɗaya a ɓoye, ina tunanin abin da ke tausasa ƙafar saniya zai tausasa ta, fatar ta zube kamar tsumma. In an kusa awa guda, sai a soka tsinke a gindin hannu, inda ya fi kauri. In ya shiga da gardama, da saura. In ya faɗa ba tare da ka ji kome ba, ka makara. Akwai wani wuri a tsakani, kamar sukar dafaffen dankali mai ɗan sauran ƙarfi, kuma shekara uku na yi kafin yatsuna su gane shi kullum.

Wata rana na ware dabba ɗaya gefe, saboda hannunta guda gajere ne siriri kamar ɗan yatsan jariri, sauran bakwai kuwa lafiya lau. Wannan karon na tambaya kafin in taɓa. Baba Kojo ya ce wani kifi ne ya gutsure hannun, sabo ne yake tohowa. Akwai wani tsohon injiniya da ke cin abinci a wurinmu, wanda ya tashi a bakin teku a ƙasarsu, ya ce gaskiya ne. Shi ne kuma ya nuna mini bambancinta da ƴar uwarta kalamar, wadda ke da hannu takwas ɗin nan, da ƙarin dogaye biyu masu ƙoƙuna a tsini kawai, waɗanda take harbawa ta cafko kifi daga nesa. Tsohon nan mai wuyar sha'ani ne. In hannu ya zo masa a faranti da ƙoƙo biyu a goge, sai ya mayar. Ban ji haushinsa ba. Shi ya sa har na ajiye aiki ba na jan hannun pulpu a kan katako, ɗaga shi nake yi.

Ga abin da ya fi mini nauyin rubutawa. Shekara goma sha ɗaya ina dafa dabbar nan ban taɓa sa ta a baki ba. Ni ɗan mahauta ne. Abin da ba a yanka ba, ba a ga jininsa ya zuba ba, ba kifi ba ne mai ƙaya da na sani, zuciyata ba ta natsu da shi ba. Nakan wanke hannu sau biyu kafin alwala. Ni ke dafawa, ni ke sukar tsinke, Baba Kojo ke ɗanɗana miya da yaji ya gyara. Yakan nuna ni ya ce wa baƙin madafa, "Ga pulpu na biyu. Shi ma da hannu yake ɗanɗano."

Sai mummunar shekara ta zo, lokacin da tawaye ya sake tashi a arewa. Aka fara jin nakiya ta tashi da mota a kan hanya. Kamyo, babbar motar kaya, ba ya hawa daga Agadas sai da rakiyar soja, wani lokaci a yi kwanaki ana jira. Tumatir ya yi wuya, ƙwai ya yi wuya. Nasara suka mayar da iyalansu gida. Baba Kojo ya riga ya tsufa, ƴaƴansa suka matsa masa, ya tattara ya sauka. Ranar tafiyarsa ya ba ni doguwar wuƙarsa, ya ce, "Kar ka yi ma pulpu aski." Abin mamaki, a shekarun nan ne kuma farashin uraniyum ya tashi, baƙi masu neman sabbin wuraren haƙa suka dinga sauka a jirgi. Hanya ta mutu, teburi ya cika.

Aka bar mini madafa riƙon ƙwarya. Mu goma sha ɗaya ne a ciki, duka ƴan ƙasa. Sabon Banasaren da aka ɗora a kan ɗakin cin abinci muna kiransa Mai Agogo, don ba ya gama magana bai dubi wuyan hannunsa ba. Bai ɓoye mana ba: yana shirin ɗauko kuku daga Kwatano da mutanensa gaba ɗaya, don a ganinsa wanda bai taɓa ganin teku ba ba zai riƙe irin wannan madafa ba. Ya ce akwai manyan baƙi ashirin da huɗu da za su ci abincin rana ranar Alhamis, kuma pulpu aka yi musu alkawari. Bayan nan zai yanke shawara.

Kamyon sanyi ya iso ranar Talata, bayan ya yi kwanaki yana jiran rakiya. Katon biyu ne namu. Tun kafin in buɗe na farko na ga abin da ba na so: ƙanƙarar da ke ciki ta taru a gefe ɗaya, launinta ja-ja. Ɗan mahauta ya san wannan. Abu ne ya narke, ruwansa ya kwanta, ya sake daskarewa. Na biyu ƙanƙararsa fara ce, a warwatse yadda ya kamata. Na narkar da su daban-daban a firigo. Da safiyar Laraba na kira Mai Agogo na ce katon ɗaya ba zai hau wuta ba.

"Kai da ba ka taɓa sa shi a baki ba," in ji shi da Faransanci, "ta yaya ka san ya lalace? Ko dai ƙyama ce?"

Na ce ya ba ni babban yatsansa. Na ɗora shi a kan ƙoƙunan katon na farko na ce ya tura. Suka zame tare da fata, suka bar yauƙi, wani wari mai hawa hanci ya taso. Na kai yatsan kan na biyu. Ƙoƙon ya tsaya daram, har ya ɗan kama shi. Ya goge hannu, ya dubi agogo.

"Nawa ne a mai kyau?"

"Manya biyu. Hannu goma sha shida."

"Baƙi ashirin da huɗu. Kojo hannu guda yake sa wa kowane faranti." Ya nuna katon na farko. "Ka jefar da wancan. Sauran matsalarka ce. In teburin ya ji kunya, Litinin zan aika Kwatano."

Ya fita. Sidi ne ya ce, "To ka haifo hannu takwas kafin gobe, tunda ka ce suna tohowa."

Na tsaya ina juya tsinkena a hannu. Mahaifina da naman cinya ɗaya yakan cika tire da tsire, kowa ya ci ya ce ya ci nama. In na yanka hannuwan nan a karkace, na haɗa da kawunan, na jera su da albasa da tattasai, na shafa ƙuli-ƙuli, za su kai faranti ashirin da huɗu har da saura. Amma wannan ba girkin Baba Kojo ba ne da na haddace awonsa. Sabon abu ne, kuma sabon abu sai an ɗanɗana. A madafar nan babu mai ɗanɗanawa. Sidi ya ce su ko kifi ba sa ci. Sauran suka ce abin da shugaba bai ci ba su ma ba su ci.

Bayan la'asar na yanki tsinin hannu ɗaya, na sa shi cikin kula mai ƙanƙara, na tafi wurin Malam Habu, limamin unguwarmu, mutumin Damagaram.

"Allah gafarta Malam, tambaya na kawo, kuma na zo da mai laifin."

Ya buɗe kular, ya ɗan ja baya, ya gyara tabarau.

"Wutsiyar mene ne wannan?"

"Hannu ne, Malam."

"Na wa?"

Na yi masa bayani iyakar sanina. Ya tambaya inda take zama, na ce teku. Ya tambaya ko tana hawa tudu ta yi gida, na ce an gaya mini ba ta daɗewa a wajen ruwa.

"To abin teku ne. A karatun da muka ɗauka wurin malamanmu, abin teku halal ne, ba ya bukatar yanka."

"Ko da ba shi da ƙaya, Malam?"

"Ko da hannunsa ashirin ne. Shekara nawa kana dafa shi?"

"Goma sha ɗaya."

"Salifu. Taku nawa ne daga ƙofarka zuwa nan?"

Na ce ina tsoro ne in tambaya ya ce haramun ne, in rasa aikin gaba ɗaya. Ya rufe kular ya turo mini.

"In na gasa in kawo wa Malam?"

"Na ce halal ne. Ban ce ina so ba."

Ranar Alhamis tun da sassafe na dafa dabbobin biyu, na bar su suka huce cikin ruwansu don kada ƙoƙuna su zube. Na haɗa yaji yadda ake yi a gidanmu: ƙuli-ƙuli, citta, masoro, barkono kaɗan saboda bakin Nasara, da gishiri. Muka hura gawayi a bayan madafa, inda iska ba ta kawo ƙasa. Na gasa tsinke ɗaya na gwaji. Mutum goma suna tsaye suna kallona. Na yi bisimilla na ci.

Naman yana tsakanin ƙirjin zabo da ganda mai laushi, ƙoƙunan suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Amma gishiri ya buge ni har ido ya kawo ruwa. Na san ba a sa mata gishiri a tukunya, amma hannuna ya zuba shi a yaji da kansa, don haka ya saba tun ina yaro. Tsinke ba zai taɓa gaya mini wannan ba. Da ban ci ba, da abin lasar raƙuma na aika wa baƙi ashirin da huɗu.

Ƙarfe goma ta wuce. Na zubar da yajin duka. Sidi ya tuɓe babbar rigarsa ya kama taɓarya, muka daka sabo babu gishiri, na ƙara lemun tsami a man shafawa. Na sake gasa ɗaya, na sake ci. Na ƙara citta. Na uku ya yi.

"Yanzu ka zama mutumin teku," in ji Sidi. "Saura ka koyi iyo."

Na jera kowane yanki ƙoƙunansa suna kallon waje, don su ne za su sha wuta. Sha biyu da rabi faranti suka fita, tsinke bibbiyu a kan shinkafa. Daga madafa ba a ganin teburi, sai dai a saurara. Da farko muka ji surutu, sai ya ragu, sai ƙarar cokali kawai. Na wanke doguwar wuƙa sau biyu ko da yake tana da tsabta. Faranti suka fara dawowa, ba kome a kansu sai tsinkuna.

Can sai ga Mai Agogo ya turo ƙofa, tare da wani baƙo mai tumbi, da ɗan jan yaji a gefen bakinsa. Baƙon ya ce a garinsu ana kama pulpu a bayan gida, amma bai taɓa cin ta da gyaɗa ba. Ya tambaya ni mutumin wane bakin teku ne.

Na ce, "Madawa."

Ya juya wurin Mai Agogo yana tambayar a wace gaɓa take. Mai Agogo ya ce masa ba ta kusa da kowace gaɓa. Da baƙon ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi agogo, ya ce, "Alhamis mai zuwa ka sake yin wannan." Maganar Kwatano ba ta sake tashi ba. Mu goma sha ɗayan nan muka ci gaba da aikinmu, ni kuma na riƙe madafar har na ajiye aiki da kaina.

To, ɗana mai son shiga aikin kuku, ruwa ne da wuta da gishiri kamar yadda ka ce. Ni gishirin kaɗai sai da na shekara goma sha ɗaya kafin in san inda ba a sa shi. In har yanzu kana so, ka zo, tsinken yana nan.

Saura roƙona ga masu karatu. Duk abin da na rubuta game da dafa dabbar nan, hannuna ne shaida. Amma abin da na rubuta game da rayuwarta, ji na yi daga Baba Kojo da tsohon injiniya, kuma shi ne ke damuna. In akwai wanda ke zaune a bakin teku, ko masunci, ko wanda ya karanta ilimin dabbobin ruwa, ya taimaka ya gaya mini: da gaske ne tana ɗanɗano da ƙoƙunan hannunta? Hannun da ya guntule, wata nawa yake yi kafin ya kamo ƴan uwansa? In na yi kuskure a gyara mini, zan goge in sake rubutawa. A ba kowane direba mai hawa Arlit saƙon, a ce Salifu kuku, mahautan kasuwa sun san gidana. Na yi shekara ashirin ina raba hannuwan nan da wuƙa, ban taɓa ganin ko ɗaya ya motsa ba.